DARASI: BIKIN SUNA, MU YI MURNA MU TSARE RAI DA RUMBU



Darasinmu na wannan fitowa a kan bikin suna yake. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, babu gidan da bai san wannan rana ba. Dangi na nesa suna zuwa, maƙwabta suna taruwa, ana raba goro, ana yi wa sabon baƙo addu'a. Ba mu zo don mu hana kowa murna ba. Mun zo ne mu yi shawara tare a kan abu uku da ke shiga haɗari a wannan mako: ran jariri, lafiyar uwa, da hatsin da ke cikin rumbu.

Ga abin da ya sa muka zaɓi wannan darasi. Wata shekara da kaka, muna rangadin makarantun yaƙi da jahilci, muka sauka wani ƙauye. Muka iske rumfar karatu ba kowa. Aka ce mana ana suna a gidan wani ɗalibinmu, ɗansa na fari. Muka je muka yi barka. An yanka rago, an dafa shinkafa, makaɗa sun zo daga birni. Kowa ya ci ya yaba.

Da bazara muka koma. Ba mu sami ɗalibin ba, ya tafi ci-rani. Mahaifinsa ne ya ba mu labari. Ranar sunan, wanzami ya cire wa yaron beli. Jini ya yi ta tsattsafowa har dare, ana cewa zai tsaya. Da asuba yaro ya kasa kama nono. Gidan likita yana da nisa, kuɗin mota kuwa babu, duk sun tafi wajen biki. Kafin a samo rance a kama hanya, rai ya yi halinsa. Hatsin da aka sayar don biki kuma bai dawo ba. Tun kafin ruwan shuka rumbu ya ƙare.

Rai da ajali na Allah ne. Amma Allah ya ba mu hankali, ya kuma hore mu da neman magani. Wannan ɗalibi ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi. Mu karanta a hankali, don kada irin wannan ya sami gidajenmu.

1. ABIN DA ADDINI YA CE DA ABIN DA AL'ADA TA ƘARA

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya yi bayanin yankan suna, wato aƙiƙa. Dabba ɗaya ake yankawa, irin wadda ta isa layya. Malamanmu na Malikiyya sun ce ɗaya ce, ko jaririn namiji ne ko mace. Ana yanka ta da hantsi, rana ta bakwai. Ba a lissafa ranar haihuwa a cikin bakwai ɗin. Shi ya sa wanda aka haifa ran Talata da rana, sunansa yake faɗawa ran Talata mai zuwa. A ci naman, a yi sadaka da shi. An so kuma a aske gashin jariri, a yi sadaka da kimar nauyinsa na azurfa ko zinariya.

Wannan yanka na mai hali ne. Wanda ba shi da hali, babu laifi a kansa. Babu inda aka ce a ci bashi, ko a sayar da iri.

Sauran abubuwa al'ada ce ta kawo su: kauri, gara, anko, kiɗa, tsaga, cire beli. A cikin al'ada akwai mai kyau, kamar zumunci da taimakon mai jego. Wannan mu riƙe ta hannu biyu. Akwai kuma mai cutarwa. Ita ce za mu duba ɗaya bayan ɗaya.

2. GYARAN ƊAKI TUN KAFIN HAIHUWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciki wata tara yake yi, ya ba mu lokacin shiri. Ɗakin da uwa da jariri za su yi kwana arba'in a ciki, a gyara shi tun ciki yana wata shida ko bakwai, don ya bushe sarai.

Aikin maigida: ya yaɓe bango, ya toshe tsaguwa da ramuka. A nan kunama da kuɗin cizo da ɓera suke ɓuya. Ya duba rufi kafin damina. Idan ɗakin ba shi da taga, ya fasa ƙarama ya sa mata raga, iska ta riƙa shiga, hayaƙi ya riƙa fita.

Aikin mata: daɓe. Sana'a ce ta iyayenmu, kada mu bari ta ɓace. Ana zuba tsakuwa da ƙasa mai kyau, a yayyafa ruwa, maƙwabta su taru da maɗabi su buga har ƙasa ta kwanta. Sannan a shafe da ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da ruwan bagaruwa. Daɓe mai kyau ba ya tada ƙura, yana da sauƙin shara, kuma ba a sayi siminti ba. A shafe bango da farar ƙasa. Farin bango yana ƙara haske, kuma ƙwaro ba ya ɓuya a jikinsa. Amma mai tsohon ciki ba ta buga daɓe. Ta zauna ta yi wa masu aiki fura.

Jere ado ne na ɗakin mace. A sauke kwanoni da ƙorai, a wanke, a shanya a rana, a mayar. A yi jeren nesa da gadon jariri, kada wani abu ya faɗo masa. Mace mai hannu ta saƙa faifai da tabarmar kaba tun da wuri. Faifai zai rufe abinci ranar taro, tabarma za ta karɓi baƙi.

A ƙarshe a ɗaura sange, wato gidan sauro mai magani. Shi ne babban adon ɗakin mai jego. Uwa da jariri su kwana a ciki kowane dare, da rani da damina. A tanadi tsofaffin zannuwa masu taushi, a wanke da sabulu, a shanya a rana, a ninke a ajiye cikin kwando mai rufi.

3. KWANA BAKWAI KAFIN SUNA

Makon farko shi ne mafi haɗari a rayuwar jariri. Mace ta je awon ciki, ta haihu a gidan likita. Bayan haka ga abu huɗu.

Ɗumi. Da an haifi yaro a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Kada a yi masa wanka sai bayan kwana ɗaya cur. Jariri yana saurin yin sanyi, musamman lokacin hunturu.

Dakashi. Shi ne nonon farko, mai kauri, mai launin ɗorawa. Wasu suna matse shi su zubar, suna cewa mugun nono ne. Wannan kuskure ne. Dakashi shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya bayan haihuwa. Tsotson da yake yi yana taimakon mahaifa ta tsuke, jinin uwa ya ragu.

Nono zalla. Har wata shida yaro ba ya bukatar komai sai nonon uwa. Ba ruwa, ba bauri, ba zuma, ba madarar akuya. Wasu suna cewa ƙasarmu da zafi, yaro zai ji ƙishirwa. Mu sani kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, ruwa mai tsabta. Idan ana zafi, uwa ta sha ruwa da yawa, ta ƙara ba da nono. Idan an yi rubutu, uwa ta sha. Ruwan da babba ke sha lafiya yana iya sa wa jariri zawo.

Cibiya. A bar ta a bushe, cikin tsabta. Kada a sa mata toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man goge haƙori. Kada a gasa ta da tsumma ko katangar tukunya. Idan likita ya ba da maganin shafawa, shi kaɗai za a sa. Da kanta take faɗuwa, yawanci cikin mako ɗaya ko biyu. Kada a ja ta don ta faɗi kafin suna.

Me ya sa muke tsoron datti a cibiya? Saboda ciwon tetanos, wanda wasu ke kira sarƙewar haƙora. Ƙwayoyinsa suna zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, suna shiga ta rauni. Yaro yakan fara shan nono lafiya, bayan ƴan kwanaki ya kasa buɗe baki, jikinsa ya sandare, ya riƙa zabura. Ba iskoki ba ne, ba mayu ba ne. A shekarar 2016 an shaida cewa Nijar ta ci ƙarfin tetanos na jarirai da masu jego, albarkacin allurar da ake yi wa mata. Amma ƙwayoyin suna nan cikin ƙasa har gobe. Don haka mai ciki ta karɓi allurarta, ba fashi.

4. AIKIN WANZAMI

Wanzami mutum ne mai daraja a gari. Sana'arsa gado ce, kuma ba don mugunta yake aiki ba. Amma ilimi yana ƙaruwa, kuma abin da aka gano yana cutarwa dole a bar shi.

Cire beli. Beli ba ciwo ba ne. Kowane ɗan Adam da shi ake haifarsa. Yana taimakawa wajen haɗiya, kada abinci ya bi ta hanci. Ba ya tsawo ya shaƙe yaro, ba ya hana shan nono. Jama'a masu yawa a duniya ba sa cire shi, yaransu kuma suna girma lafiya.

Mu yi lissafi. Jariri mai nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa kamar kashi ɗaya ne cikin huɗu na lita. Bai cika ludayi biyu na fura ba. Cokali kaɗan idan ya zuba, yaro ya galabaita. Kuma a kwanakin farko jinin jariri ba ya saurin daskarewa. Shi ya sa a gidan likita ake yi masa allurar bitamin K. Raunin da ke cikin maƙogwaro ba a iya danne shi, ba a iya ɗaure shi. Yaro yana haɗiye jinin, iyaye ba sa ganin yawan abin da ya zuba.

Aska ɗaya a gida goma. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ciwon sida ta sa wa jariri. Goge ta da tsumma ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Yanka a gaban ƴa mace, wanda ake kira cire angurya. Ba shi da wani amfani ga lafiya. Yana kawo zubar jini da ciwo, da wahala idan ta girma. Tun shekarar 2003 dokar Nijar ta hana kaciyar mata. Hukuncinta ɗauri ne daga wata 6 zuwa shekara 3, da tara daga jika 20 zuwa jika 200. Idan yarinya ta mutu, ɗaurin daga shekara 10 ne zuwa 20.

To, me za mu yi? Maigida ya je wurin wanzami tun kafin ranar, ya yi masa magana cikin girmamawa: aski kawai ake so. Ya sayi sabuwar reza, a buɗe ta gaban idonsa. Wanzami ya wanke hannu da sabulu, ya bi a hankali wajen maɗiga. Bayan aski a sa wa yaro hula. Kuma a ba wanzami ladansa cikakke, kamar yadda aka saba, da rabonsa na nama. Idan bai yi asara ba, ba zai yi gardama ba. Kaciyar ɗa namiji kuwa, a kai shi gidan likita.

Wata matsalar daga cikin gida take fitowa. Kaka ko gwaggo za ta ce haka aka yi wa uban yaron. Kada a yi mata tsawa. A karanta mata wannan shafi da dare, a tafi da ita awo ta ji daga bakin ungozomar likita.

5. KWALLIYA DA TURARE

Ranar suna kowa yana son ya fito fes. Mai jego ta yi kitso, ta yi lalle, ta ɗaura sabon zane. Wannan yana da kyau. Amma a kula da abu uku.

Kwalli. Dutsen da ake niƙawa a yi kwalli, galibi dalma ce a cikinsa. Dalma guba ce. Tana shiga jikin yaro ta hawaye da hannun da yake sa wa a baki. Tana rage jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya girma karatu yana yi masa wuya. Maƙwabtanmu na jihar Zamfara a Najeriya sun ga illarta a shekarar 2010, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Idon jariri ba ya bukatar kwalli.

Lalle. Lallen ganye da muka gada ba shi da laifi ga babba. Amma baƙin lalle da ake haɗawa da maganin rina gashi yana ƙona fata, yana sa kumburi. Jariri kuwa kada a sa masa lalle kowane iri. Akwai yaran da lalle ke lalata musu jini, su yi shawara.

Hayaƙi. Turaren wuta a yi shi lokacin da jariri yake waje, a bari hayaƙin ya fita. Kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

6. LAFIYAR MAI JEGO

Kowa yana kallon jariri, ana mantawa da wadda ta haife shi. Jiki ya wahala, jini ya zuba, ga shayarwa dare da rana.

Wankan jego. Wanka safe da yamma tsabta ne. Amma da ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa. Tafasasshen ruwa yana ƙona fata, yana sa jiri da faɗuwa. Kwanciya a kan gado da wuta a ƙarƙashi ma haka. Ba zafin ruwa ke warkar da mai jego ba. Abinci ne da hutu. Ga kuma sauƙin itace, wanda kullum yake ƙara nisa da tsada.

Kunun kanwa. Kanwa ƴar uwar gishiri ce. Idan ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini, zuciya ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya wurin masu jego. Daga baya likitocin Yamai ma sun yi bincike a kansa. Yau an san ba kanwa kaɗai ke kawo shi ba. Rashin abinci mai gina jiki da hawan jini suna da hannu. Amma zuciyar da ta raunana, kanwa tana ƙara mata kaya. A dama kunu da tsamiya ko gujiya, a bar kanwa.

Abinci. Mai shayarwa tana bukatar ƙari a kan abin da ta saba ci. Ba sai an je kanti ba. Akwai wake, gujiya, ƙwai, nono, kifi, zogale, yakuwa da kuka. Hantar ragon suna a ba ta ita, don tana ƙara jini. Ƙwayoyin ƙarin jini da likita ya ba ta, ta ci gaba da sha.

Hutu. Daka, jan ruwa da ɗaukar itace ba aikin mai jego ba ne. Dangi da kishiya da maƙwabta su karɓa mata. Wannan ita ce gudummawar da ta fi turmin atamfa. Kuma miji da mata su yi shawara da likita a kan hutun haihuwa. An so a sami shekara biyu kafin wani ciki.

7. RANAR TARO

A ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki. Duk mai son ɗaukar jariri ya wanke hannu. Mai tari ko mura ya yi barka daga bakin ƙofa. Kada a yi ta yawo da yaro hannu zuwa hannu, ya wuni bai sha nono ba. Tsohuwa ɗaya mai faɗa a ji ta zauna kusa da mai jego, ta riƙa sallamar baƙi idan lokacin shayarwa ya yi.

Masu girki su wanke hannu. A rufe abinci da faifai saboda ƙuda. Randar ruwa ta kasance da murfi da moɗa ɗaya mai tsabta. Naman da ya rage a soya shi sosai ko a shanya shi a ranar, kada ya kwana ɗanye.

8. MU YI LISSAFI

Ku ɗauko kaye da alƙalami. Kuɗin da muka sa a nan misali ne. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu.

Gida na farko:
Rago: jika 50
Goro da dabino: jika 10
Shinkafa, mai da kayan miya: jika 25
Hayar rumfa da makaɗa: jika 15
Anko: jika 20
Jimla: jika 120

Mu ce da kaka ana sayar da buhun hatsi jika 20. Don a sami jika 120, sai an fitar da buhu 6. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Buhu 6 tiya 240 ke nan. Idan gidan yana cin tiya 2 a rana, abincin kwana 120 ne, wato wata 4. An cinye wata 4 a wuni ɗaya.

Ba a nan ta tsaya ba. Da damina, lokacin noma, dole a sayo hatsin. Mu ce buhu ya kai jika 30. Buhu 6 jika 180 ne. An sayar a 120, an sayo a 180. Asara jika 60. Daga nan sai bashi, ko aikin ƙodago a gonar wani, taka gonar tana cike da haki.

Gida na biyu:
Ƙaramin rago da aka saya tun farkon ciki, aka kiwata da harawa da dusa: jika 25
Goro da dabino: jika 10
Kayan miya, tuwo da fura daga hatsin gida: jika 10
Abincin mai jego: jika 10
Ajiyar gaggawa, don mota da magani: jika 20
Jimla: jika 75

A tambayi malam shekarun dabbar da ta isa yanka kafin a saya. A gida na biyu an yi yanka, an ci an sha, an yi addu'a. Idan Allah ya sa ba a taɓa ajiyar gaggawa ba, jika 55 kawai aka kashe.

Ƴan uwa mata, ga naku. Kuɗin biki da ake kawo muku ba kyauta ba ce zalla, bashi ne da za a rama, sau da yawa har da ninki. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta sunan kowa da abin da ta kawo. A ƙungiyarku ku yi shawara a daina ninkawa. Abin da mace ɗaya take jin kunyar farawa, mata ashirin suna iya yanke shi a zama ɗaya.

9. ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

A kai jariri gidan likita nan take, ko da tsakar dare, ko ana tsakiyar taro, idan:
ya kasa shan nono;
jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau;
yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana faɗawa;
yana zabura ko sandarewa;
cibiya ta yi ja, tana wari ko ruwa;
ido, tafin hannu ko tafin ƙafa sun yi launin ɗorawa;
jini yana fita daga kowane wuri.

A kai uwa idan:
jini yana zuba da yawa;
tana zazzaɓi, ko abin da ke fita yana wari;
tana da matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga;
ƙafafu sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune.

Wasu suna cewa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Ciwo bai san arba'in ba. Tun kafin haihuwa maigida ya san mai mota ko mai amalanken da zai tasa da dare.

10. TAKARDU BIYU

Sunan da liman ya raɗa, a rubuta shi wuri biyu.

Na farko katin rigakafi. Da haihuwa ana yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. A koma yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. A wata 9 a yi ta ƙyanda, wadda muke kira dussa, da ta shawara. Likita zai rubuta sauran ranaku a katin. Ku karanta da kanku.

Na biyu takardar haihuwa. A sanar da haihuwa a gidan likita, ko wurin mai rubuta haihuwa na gari, ko ma'aikatar magajin gari. Dokar shekarar 2019 ta ba da kwana 60. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai ya bi ta gaban alƙali. Da wannan takarda yaro zai yi jarrabawa a lekol, ya sami katin ɗan ƙasa. A ajiye takardun biyu cikin leda, a sa a akwati, nesa da gara da ruwa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Dabba nawa ake yankawa ranar suna? Me ke kan wanda ba shi da hali?
2. Me ya sa zubar jini kaɗan yake da haɗari ga jariri?
3. Kawo abinci biyar na garinku da ke gina jikin mai jego.
4. Gida yana cin tiya 3 a rana. An sayar da buhu 3 don biki. Abincin kwana nawa ya tafi?
5. Idan tsohuwar gida ta nace sai an cire beli, da waɗanne kalmomi za ka yi mata magana ba tare da ka ɓata mata rai ba?
6. Rubuta lissafin sunan da aka yi a gidanku na ƙarshe. Me za ka rage? Me za ka ƙara?

Malaman aji, a karanta wannan darasi kashi uku, cikin zama uku. A gayyato liman, da wanzami, da ungozomar gari su zauna a saurara tare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, mace ta karanta wa maƙwabciyarta.

Baƙi suna watsewa da la'asar, makaɗa su tafi da abin da suka samu. Waɗanda ke saura a gida su ne uwa da ɗanta da rumbu. Su muke roƙo a fara tunawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raya mana abin da muka haifa, ya ba masu ciki sauka lafiya, ya sa albarka a rumbunanmu. Sai fitowa ta gaba.